Aikin kare tsofaffin sojoji daga kashe kai: amsa ga ɗiyar wani samanja daga Zuru

Wata ɗaliba 'yar Zuru ta rubuto mini daga jami'a, tana aji uku a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Ga gundarin wasiƙarta: "Malam, ina so in ƙware a aikin kare tsofaffin sojoji daga kashe kansu. Wane karatu zan yi, ina ake samun aikin, kuma me ake yi da mutum in an zauna da shi? Mahaifina samanja ne, ya yi Saliyo, ya yi Borno. Tun da ya ajiye kaki bara ya daina fita, ba ya barci, kuma kwanan baya ya ce wa mahaifiyarmu da ba ya raye da mun fi hutawa."

Ɗiyata, tambaya uku kika jera, amma abin da ya fi su gaggawa shi ne wanda kika maƙala a ƙarshe kamar ƙarin bayani. Da shi zan fara.

Maganar da mahaifinki ya faɗa ba ta cikin waɗanda muke bari su kwana. Yau ɗin nan wani wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko mahaifiyarku in za ta iya, ya zauna da shi su biyu ya tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Da waɗannan kalmomin, ba kewaye-kewaye. Na san abin da ke ranki, kada a tuna masa abin da bai zo masa ba. An sha bincika wannan tsoron. A 2014 masana a King's College ta Landan suka tattara binciken da aka yi a kai, suka ga tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Sannan a duba gidan. In akwai bindiga, kuma tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zuru gidaje da yawa akwai, a kai ta wani gida. Maganin feshin gona, fiya-fiya, tarin ƙwayoyin hawan jini ko na barci, duk su koma hannun wani, a riƙa ba shi maganinsa na yini ɗaya-ɗaya. In ya amsa da e, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, gari na wayewa a kama hanyar asibiti: na kusa da ku tukuna, daga nan Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Ke kuma ɗiyarsa ce, ba likitarsa ba. Ko digiri uku gare ki, ba a yi wa uba wannan aikin.

To, ga batun aikin.

Lokacin da na fara, shekara ashirin da wani abu ke nan, na ɗauka abin da kowa ya ɗauka: yaƙi ne ke biyo su gida ya kashe su, wanda ya fi ganin jini shi ya fi kusa da rami. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Zan riƙa kawo miki alƙaluman Amurka, don hukumar tsofaffin sojojinsu na fitar da rahoto duk shekara. A 2022 tsofaffin sojoji 6,407 suka kashe kansu a can, wato 17 zuwa 18 kowace rana, fiye da bakwai cikin goma da bindiga. Amma a 2015 Mark Reger da abokan aikinsa suka bi bayanan sojoji miliyan 3.9, suka ga zuwa Iraƙi ko Afganistan shi kaɗai bai ƙara yawan kashe kai ba. Inda adadin ya tashi shi ne bayan barin aiki, musamman ga wanda ya fita bai cika shekara huɗu ba, ko aka sallame shi da laifi. Ashe ƙofar fita daga bariki ce ya kamata irinmu mu tsare.

Thomas Joiner na Jami'ar Jihar Fulorida, wanda shi ma ta haka mahaifinsa ya rasu, ya fitar da wani bayani a 2005 da har gobe ina aiki da shi. Ya ce abu uku ne in suka haɗu ake fargaba: mutum ya ji ya zama kaya a wuyan nasa, ya ji ba shi da wurin da ake lissafi da shi, sannan ya zama tsoron ciwo da mutuwa ya riga ya fita daga ransa. Yanzu ki dubi samanja. Shekara talatin da biyar begila ke tashe shi. In ya daka tsawa mutum ɗari ke ƙamewa. Ranar da bai fito fareti ba, kafin hantsi an ƙwanƙwasa ƙofarsa. Sai ga shi ya dawo gida da akwatinsa, ba mai jiran umarninsa, in ya zauna a majalisa hirar sai ta sauya, don soja marmari ne daga nesa. In fansho ya yi jinkiri, kin dai sha ganin 'yan mazan jiya a labarai sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja, mutumin da ya riƙe gida uku ya koma kallon hannun ɗansa. Biyun farko ke nan. Na ukun kuwa tun yana kurtu aka fara koya masa shi, kuma shi ya raba shi da farar hula. Tela ma yana iya jin ya zama kaya, amma tela bai shekara talatin yana koyon tunkarar abin da jiki ke gudu ba. "Da ba na raye da kun fi hutawa" ita ce jimlar farko a lissafin Joiner, kusan kalma da kalma. Shi ya sa na fara da ita.

Kada ki shiga aikin nan da zaton za a koya miki gane wanda zai aikata. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar soja an horar da ita, kuma ya yi imani ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. A 2017 Joseph Franklin da abokan aikinsa suka duba bincike 365 na tsawon shekara 50, suka ga duk alamomin da muke jerawa, hasashen da suke bayarwa da kaɗan ya fi canki-canka. Ba bokaye ba ne mu. Abin da muka iya, kuma aka gwada aka ga yana aiki, shi ne shirya mutum tun da rana saboda mummunar sa'ar da za ta zo masa da dare.

In kina neman wanda za ki bi sawun aikinsa, ki karanta Craig Bryan. Masanin halayya ne da ya sa kakin sojan saman Amurka, aka tura shi sansanin Balad a Iraƙi a 2009. Da ya dawo ya ajiye kaki, ya jagoranci cibiyar nazarin tsofaffin sojoji a Jami'ar Utah, daga baya ya koma Jami'ar Jihar Ohayo. Shi da David Rudd suka tsara magani ta hanyar tattaunawa, na zama 12, wanda ke tunkarar tunanin kashe kan kai tsaye, maimakon a ce bari a warkar da ciwon damuwa tukuna, sauran zai bi. Suka gwada shi a barikin Fort Carson da sojoji 152. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna yunƙuri ya ragu da kashi 60 cikin ɗari a shekara biyu in aka kwatanta da masu karɓar kulawar da aka saba.

Amma bincikensa na 2017 shi ya fi taɓa ni, don ya tona wani kuskure nawa. A da, abin da ake yi a asibitoci shi ne a sa majinyaci ya sa hannu a takarda cewa ba zai cutar da kansa ba. Ni kuwa da nake ganin na san mutanenmu, sai na ƙara gishiri. Wani kofur mai ritaya da matarsa ta kawo mini, na sa ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Ya rantse, na tafi gida hankalina kwance. Bayan mako uku aka kawo shi ranga-ranga, Allah ya sa da sauran kwana. Da ya dawo hayyacinsa ya dube ni ya ce, "Likita, ka faɗa mini abin da ba zan yi ba. Ba ka faɗa mini abin da zan yi ba in ƙarfe biyun dare ya yi." Kuma rantsuwar ce ta hana shi tada matarsa a daren, kunyar a ce mai rantsuwa da Alƙur'ani yana wannan tunani. Na kare kaina ne, ban kare shi ba. Bryan ya kwatanta waccan takardar alkawari da wani ɗan kati da sojan ke rubutawa da hannunsa, a kan sojoji 97, ya ga masu katin yunƙurinsu ya ragu da kashi 76 cikin ɗari a wata shida. Barbara Stanley da Gregory Brown suna da irinsa, an gwada a ɗakunan gaggawa na asibitocin tsofaffin sojoji da mutum 1,640, aka ga raguwar kashi 45 cikin ɗari, tare da bibiyar waya.

Bari in nuna miki yadda katin yake, don nan aikin yake. Da kofur ya warware muka zauna. Ba kati a ofis, sai na yage kwalin magani ya rubuta a bayansa, da birona, da irin rubutunsa na manyan baƙaƙe. Na ce ya ba ni labarin daren tun daga magariba, ban katse shi ba. Daga labarin muka tsamo alamominsa: farkawa ƙarfe biyu, jin warin taya na ƙonewa alhali ba abin da ke ci, da safa da marwa a tsakar gida. Na ce in waɗannan suka zo, me ya taɓa kwantar maka da rai ko na minti goma? Ya yi shiru, can ya ce garken awakinsa, in ya shiga ya zuba musu dusa yana jin numfashinsu. Ya rubuta. Ya ƙara da alwala da ruwan randa mai sanyi, da kunna rediyo. In ba su yi ba, wa za ka je wurinsa ko ba za ka faɗa masa komai ba? Mai gadin makarantar unguwarsu, wanda dama ba ya barci kuma kullum da butar shayi a kan wuta. Wa za ka faɗa wa gaskiya? Wani da suka shiga aiki rana ɗaya a Zariya. Sai dalilin rayuwa. Bai ce 'ya'yana ba, bai ce aljanna ba. Ya ce jikarsa 'yar shekara biyar da ba ta yarda kowa ya kai ta Islamiyya sai shi, a kan kekensa. Na ce rubuta sunanta, rubuta launin hijabinta. A ƙasa lambar asibiti. Ya naɗe ya sa a aljihun gaba, inda katin shaidarsa na soja ke zama a da.

Bindigar ce ta ba mu wuya. Ba a ce wa soja kawo makaminka, a kunnensa wannan maganar wanda aka ci da yaƙi ce. Kuma yana da hujja: "In suka shigo garin da dare, da me zan tare su?" Wannan ba tambayar da littafin Turawa ya amsa ba ce, kuma duk wanda ya yi aiki tsakanin Danko-Wasagu da Anka ya san ba raini ba ne. Sai na tambaye shi, a bariki in an dawo daga sintiri ina bindiga ke kwana? Ya ce ma'ajiya, a sa hannu a littafi. Na ce an taɓa kiran wannan tsoro? Ya yi murmushi. Muka yi da shi bindiga ta koma gidan yayansa, gida huɗu tsakani, harsashi a wani wurin dabam, har zuwa bayan girbi mu sake zama.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne mummunar sa'ar gajera ce. A wani bincike a Ostiriya a 2009, kusan rabin waɗanda suka tsira sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti goma ba. Gida huɗu ya ishi minti goma. Rundunar Isra'ila ta hana sojoji tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako a 2006, kashe kai a cikinsu ya ragu da kashi 40 cikin ɗari. Siri Lanka ta haramta magungunan feshi mafiya guba, tsakanin 1995 da 2015 adadin ƙasar ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari. Masu cewa wanda ya yi niyya zai nemi wata hanya ba su san cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta haka suke mutuwa daga baya ba.

Akwai sauran kayan aiki da za a koya miki: maganin firgicin da ke biyo bayan bala'i, gyaran barci, janye mutum daga tiramadol ko burkutu. Rashin barci kada ki raina shi. Amma akwai wani ciwo da ba firgici ba, wanda likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay ya fara magana a kansa a 1994 daga zamansa da mazan jiyan Biyetnam, wasu masana suka faɗaɗa bayaninsa daga baya: mutum ya yi, ko ya ga an yi, ko ya kasa hana abin da zuciyarsa ta san ba daidai ba ne. Wanda ya buɗe wuta a shingen bincike sannan ya leƙa motar. Wanda ya bar abokinsa da rai saboda an ce a janye. Wannan ba tsoro ke damunsa ba, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. A nan ba ki da makawa sai kin yi aiki da liman, ko da fasto tunda ƙasarku da masallaci da coci. Sai dai ki zaɓi malamin. Wanda zai zo ya karanto masa azabar mai kashe kansa bai kawo sabon labari ba, mutumin ya san haramun ne tun yana makarantar allo, kuma dama yana ganin ɗan wuta ne shi. Malamin da nake kira shi ne wanda in ya karanta "kada ku kashe kanku" a Suratun Nisa'i yake ƙarasa ayar, cewa Allah Mai jin ƙai ne a gare ku, kuma ya san ƙofar tuba da diyya da neman yafiya, ya iya zama da mutum a kansu wata da watanni.

Karatun kuwa hanyarsa a miƙe take. Ki gama digirin farko, ki yi bautar ƙasa, in da hali a asibitin ƙwaƙwalwa. Sai digiri na biyu a ɓangaren nazarin halayya da ke kula da majinyata, wanda ake yi a jami'o'i irin su Jos, Ibadan da Nsukka, inda aka buɗe sashen farko na nazarin halayyar ɗan Adam a Najeriya a 1964. Sai horon aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ki, a wuri irin Kware ko asibitin Barnawa a Kaduna. Ba za ki rubuta magani ba, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma da yake ba su kai 300 ba a ƙasar nan gaba ɗaya, ki koyi zama lafiya da su da ma'aikatan jinya. Daga nan hanya biyu ce. Ko ki sa kaki ta hanyar ɗaukar masu digiri da ake kira DSSC, ki yi aiki a wuri irin asibitin soja na 44 a Kaduna, ko ki zauna farar hula. Mai kaki ya san yaren gidan, ba sai an fassara masa ba, amma kofur ba ya buɗe cikinsa ga mai tauraro a kafaɗa cikin sauƙi, yana tunanin fayil ɗinsa da ƙarin girmansa. Farar hula kuma sai ya sha "kai me ka sani" kafin a yarda da shi. Ni na shekara biyu ina shan ta. Ke ɗiyar bariki ce, wannan rabin jari ne, in kuma kina jin C'lela, yaren ƙasarku, kada ki bari ya zube, don akwai abin da tsoho ba ya iya faɗa sai da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi.

Ki san dokar ma. Sashe na 231 na dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko biyan tara. Wannan ya sa iyali ke ɓoye mutum a ɗaki su ce cikinsa ne ya ɓaci. Ghana ta soke nata a 2023, mu ma ana ta fafutuka. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kuɗi kuwa, albashin ma'aikacin lafiya ne, ba za ki gina bene da shi ba.

Wani abu da ban ga ana maganarsa ba: mazan jiyan gobe a yankinmu ba duka ke da lambar soja ba. 'Yan sa-kai da aka kashe musu abokai sama da 60 a rana ɗaya a yankin Sakaba a Maris na 2022, waɗanda suka tsira suna nan cikin ƙauyuka da abin da suka gani. Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Gusau a Janairun 2024 sun haura 2,600. Ranar da ƙura ta lafa, su ba su da cibiyar koyon sana'a irin ta Oshodi da ke shirya soja kafin ritaya, kuma bindigar na ƙarƙashin gado. In ƙarfinki ya kai, ki sa su cikin lissafi tun yanzu.

Mafi arhar abin da na koya daga Jerome Motto ne, likita a San Faransisko wanda ya yi yaƙin duniya na biyu kuma bai manta daɗin samun wasiƙa a bakin daga ba. Ya ɗauki mutum 843 da suka fita asibiti suka ƙi ci gaba da magani, ya riƙa aika wa rabinsu gajeruwar wasiƙa, ba wa'azi ba neman komai, gaisuwa ce kawai da cewa ana tunawa da su. A shekara biyun farko waɗanda ke samun wasiƙar sun fi tsira. Ni na mayar da ita kiran waya ranar Juma'a bayan an sauko, minti biyu: ya gida, ya awaki, kwalin na aljihu?

Kuma za ki rasa wani. Na rasa biyu. Ɗaya na gan shi ranar Talata yana dariya yana ba ni labarin farashin taki, ranar Asabar aka kira ni. Na je gaisuwa na zauna a kan tabarma cikin mutane, ƙaninsa ya matso ya raɗa mini, "Likita, mun ce zazzaɓi ne." Na ce Allah ya jiƙansa. Wata uku ina buɗe fayil ɗinsa ina neman inda na yi sake. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani babba a aikin da nake kai wa kukana duk wata. Kada ki yarda ki yi aikin nan ba ki da irinsa.

Game da samanja, bayan an yi abin da na faɗa a sama, ki nemo a wayarsa ko wurin mahaifiyarku sunan wanda suka yi Saliyo tare, ko ki tambaya a ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, a Zuru ba za a rasa ba. Ki roƙe shi ya zo, kada ya ce an aiko shi. In ya zo ya nemi taimakon mahaifinki a kan wani abu na gaske, rakiya wurin tantance 'yan fansho ko duba wata gona, abin da sai da shi za a yi. Ki rubuto mini ranar Lahadi ki faɗa mini wa ya yi masa tambayar, me ya amsa, kuma a gidan wa bindigar ta kwana.